Yadda Ake Tuƙi da Kuruz Mai Rada Cikin Aminci a Kan Hanyoyinmu

Duk wanda ya leƙa wuraren sayar da motoci a Kano, Kaduna ko Abuja a 'yan shekarun nan, zai ga motocin da ake sauke mana daga Amurka da Kanada sun canza. Corolla ta 2017 zuwa sama, Camry da Accord na 2018, Highlander, RAV4 da Lexus, duk suna zuwa da wasu madannai a jikin sitiyari waɗanda yawancin masu motocin ba su taɓa taɓa su ba. Waɗanda suka taɓa kuma, da yawansu lalube suka yi, don babu wanda ya koya musu, littafin motar ma bai biyo ta ba. Daga cikin madannan nan akwai na kuruz mai rada, kuma shi ne nake so mu zauna a kansa, domin yana da daɗi ƙwarai a doguwar tafiya, yana kuma iya kai mutum ga halaka idan ya ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Kuruz na da, wanda muka sani a tsofaffin motoci, aikinsa ɗaya ne: ka kai gudun da kake so, ka danna, ka ɗaga ƙafa daga totur, mota ta riƙe gudun nan ko da bango ne a gabanta. Kamfanin Chrysler ne ya fara sa shi a motocinsa a 1958. Na yanzu an ƙara masa ido. Idan ka saita kilomita 100 sai ka cim ma motar da ke tafiya a 80, zai sassauta da kansa, ya bi ta a baya da tazarar da ka zaɓa, in ta kauce ya koma 100. Mitsubishi ta fara wani nau'insa a Japan a 1995, Mercedes kuma ta kawo mai aiki da rada a 1999 da sunan Distronic. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa nasa. Toyota da Lexus suna rubuta Dynamic Radar Cruise Control, Honda na rubuta ACC, Hyundai da Kia suna cewa Smart Cruise Control, Nissan kuma Intelligent Cruise Control. Suna ne ya bambanta, hali kusan ɗaya ne.

Abin da yake gani da abin da ba ya gani

Kafin a kai ga danna komai, wannan ne ya kamata ya zauna a kai daram. Idon na'urar guda biyu ne a yawancin motoci: rada a gaban mota, sau da yawa a bayan tambarin kamfani ko a ƙasan bamba, da kyamara a saman gilashin gaba, daidai bayan madubin tsakiya. Rada tana aika igiyar rediyo, ta bugi abin da ke gaba ta dawo, kwamfutar mota ta lissafa nisansa da gudunsa. Matsalar ita ce, komai na bakin hanya yana mayar da igiyar nan: allon talla, ƙarfen gada, turakun lantarki, motocin da aka ajiye a gefe. Da mota za ta taka birki saboda kowannensu, da ba ta tuƙu ba. Don haka masu ƙera ta suka koya mata ta mai da hankali kan abin da ke tafiya a gabanta, ta yi watsi da mafi yawan abin da ke tsaye cak, musamman idan ana gudu sosai. Littattafan motocin da kansu sun faɗi haka ƙarara.

To yanzu ka tuna hanyoyinmu. Tirelar da ta lalace a tsakiyar titi aka zuba ganye a bayanta, tsaye take. Shingen jami'an tsaro da duro da katako mai ƙusoshi, tsaye yake. Rami, tudun rage gudu, tarin yashi da aka sauke a kan kwalta, tankokin da ke jere a Tafa ko Mararrabar Jos, duk a tsaye suke. Garken shanu da ke tsallaka titi, yaro mai talla, ɗan acaɓa da ya biyo hannun da ba nasa ba, su ma ba irin abin da aka gina kuruz ya bi ba ne. An ƙera na'urar nan ne don manyan titunan da aka killace, masu fentin layi, inda abin da ke gabanka kusan kullum mota ce mai tafiya inda kake tafiya. Mu kuwa abin da ke jawo haɗari a hanya, sau da yawa, abin da ke tsaye ne ko mai giftawa.

Abu na biyu, birkinsa yana da iyaka. An ƙayyade masa ƙarfin da bai kai rabin abin da ƙafarka za ta iya ba, don kada ya riƙa wurga fasinja gaba. A gudun kilomita 100 kan busasshiyar kwalta, direban da ya take birki iya ƙarfinsa zai tsaya cikin kimanin mita 50 daga inda ya taka. Da ƙarfin da aka ba kuruz, sai an haura mita 100. Idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ƙara zai yi maka, ya haska gargaɗi a allo, ma'ana karɓi motarka. Wasu motocin suna da birkin gaggawa na daban da ke shigowa a daƙiƙar ƙarshe, amma shi rage ƙarfin karo yake yi a mafi yawan lokuta idan gudu ya yi yawa, ba abin dogaro ba ne.

Mataki na farko: bincika lafiyar idon motar

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa motoci da yawa da ake shigowa da su sun yi haɗari a can, a nan aka gyara su. Gaban mota kuwa shi ya fi shan duka, kuma nan rada take. Akan samu motar da madannanta suna nan lafiya, amma radar babu ita, ko an ɗaure ta da waya, ko an maye tambarin gaba da na roba mai arha wanda igiyar ba ta ratsa shi yadda ya kamata. Rada da ta karkace kaɗan tana iya kama motar da ke layin gefe ta bar wadda ke gabanka.

Ka kunna mota ka duba allo. Idan akwai fitilar gargaɗi ta na'urar kare karo da ba ta mutuwa, ko rubutun da ke cewa rada ba ta aiki, kada ka yi amfani da kuruz sai an duba. Kada kuma ka yarda a cire maka ƙwan fitilar ko a share saƙon a ce an gyara. Ka nemi mai gyaran da ke da kwamfutar duba mota da kayan saita rada, ka tambaye shi kai tsaye ko yana yin saitin, don karanta matsala daban, saita ido daban. Haka za a sake yi duk lokacin da aka canza gilashin gaba, ko aka cire bamba, ko motar ta bugi wani abu da gabanta. Kada a liƙa sitika a kan tambarin, kada a yi masa fenti, kada a ɗaura lamba ko ƙarfen kariya a gabansa. Takardun da muke mannawa a gilashi su ma a nisanta su daga gidan kyamara.

Sai tayoyi da birki. Kuruz da birkin motarka yake aiki, ba da wani nasa ba. Tayar da ta suɗe ko birkin da ya cinye, na'ura ba ta san da su ba, lissafinta na lafiyayyar mota ne.

Mataki na biyu: san madannanka tun mota tana tsaye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zauna a mota a gida, ka nemo abubuwa biyar, ka riƙa kai yatsa kansu har sai ka iya ba tare da dubawa ba. Na farko babban madanni mai kunna tsarin, wanda aka rubuta ON-OFF ko MAIN, ko aka zana agogon gudu da 'yar mota a kansa. Na biyu SET, mai kama gudun da kake kai, shi ne kuma mai rage shi. Na uku RES, mai komawa gudun da aka saita a baya, shi ne kuma mai ƙara shi. Na huɗu CANCEL, mai sakin mota ta dawo hannunka. Na biyar madannin tazara, mai hoton mota da 'yan layuka a gabanta. A wasu Toyota, kamar Corolla ta 2017, ɗan hannu ne a ƙasan sitiyari ta dama: ka danna shi ƙasa ya kama, sama ya koma, ka jawo shi wajenka ya saki.

Akwai tarko guda a nan da nake so kowa ya sani. A Toyota da yawa, idan ka danne babban madannin ka riƙe shi na daƙiƙa ɗaya da rabi, motar tana komawa kuruz irin na da, marar ido. A Honda kuma riƙe madannin tazara ne ke yin haka. Mutum na iya yin wannan bisa kuskure, ya ɗauka rada na aiki, ya zuba ido yana jiran mota ta sassauta, ita kuwa ta nufi bayan tirela da gudunta. Alamar da ke allo ita ce shaida: in agogon gudu ne da hoton mota da layukan tazara, rada na aiki; in agogo ne shi kaɗai, babu ido.

Sannan ka duba ma'aunin gudu. Motocin Amurka da mil suke lissafi. Mil 50 kilomita 80 ne, mil 62 shi ne kilomita 100, mil 70 ya kai kilomita 113, mil 80 kuwa kusan 129. Na sha ganin wanda ya saita 80 yana ganin a hankali yake tafiya. Idan motarka tana ba da damar mayar da allo zuwa kilomita, ka mayar tun yau.

Abu na ƙarshe da za ka gano shi ne wane iri ne naka. Akwai mai aiki har mota ta tsaya cak a cunkoso. Akwai kuma wanda ba ya kamawa sai an kai wajen kilomita 50, in gudu ya sauka ƙasa da wajen 40 ya yi ƙara ya saki, mota ta ci gaba da gangarawa ba mai riƙe da birki. Mota biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya na iya bambanta a nan. Littafin motarka yana intanet kyauta a shafin kamfanin. Ka sauke shi ka karanta wannan babin, ko ka sa a karanta maka.

Mataki na uku: zaɓi hanya da lokaci

Inda kuruz ya dace shi ne tagwayen hanya mai kyau, miƙaƙƙiya, da rana, ido na ganin nesa, motoci ba su yi yawa ba. Irin wuraren da aka kammala a hanyar Zariya zuwa Kano, ko babban titin filin jirgin sama na Abuja idan babu cunkoso. Gwajin farko ka yi shi kai kaɗai, da hantsi, ba ranar da ka ɗebo iyali za a je gida hutun Sallah ba.

A cikin gari kuwa, inda Adaidaita Sahu da babura ke kutsawa ta kowane ɓangare, ni ban ga amfaninsa ba ko kaɗan. Haka hanya mai falle ɗaya da ake gaba da gaba, da wurin da ake aikin titi aka haɗe motoci a hannu ɗaya, da hanya mai ramuka ko yawan kwana. Idan ka doso gari ko kasuwar bakin hanya, irin su Kwanar Ɗangora ko Kura, ka sake shi tun daga nesa, ka ratsa da ƙafarka, in ka fita ka mayar.

Mataki na huɗu: kunnawa da saita gudu

Ka ɗaura bel. Ka hau hanya, ka zauna a layinka, ka kai gudun da kake so da ƙafarka. Danna babban madanni, ka saci kallon allo ka tabbatar alamar mai hoton mota ce ta fito. Danna SET. Lambar gudun za ta bayyana. Sannan ka janye ƙafa daga totur a hankali, ka ji motar ta riƙe kanta.

Wane gudu za ka saita? Dokar hanya ta Najeriya ta ba ƙananan motoci na gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai tagwaye. Wannan iyaka ce, ba wajibi ba ne sai ka kai ta. Shawarata, a makonnin farko kada ka wuce 80 ko 90. Kuma ka guji dabarar da wasu ke yi ta saita 140 su ce ai motar gaba za ta riƙe su. Ranar da motar gaban ta kauce, taka za ta zabura neman 140 a wurin da ba ka shirya ba. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta fitar da wani bincike a 2021 da ya nuna direbobi sun fi karya dokar gudu idan kuruz mai rada na kunne, da kashi 24 cikin ɗari. Dalilin a fili yake: ƙafa ba ta jin gudun, mota shiru, sai yatsa ya yi ta ƙara lamba.

Mataki na biyar: tazara

Madannin tazara yana ba da zaɓi uku a Toyota da yawa, huɗu a Honda. Abin da yake aunawa a zahiri lokaci ne, shi ya sa tazarar ke ƙaruwa idan gudu ya ƙaru. A littafin Toyota, a gudun kilomita 80, doguwar tazara kimanin mita 50 ce, matsakaiciya 40, gajera 30. A wannan gudun mota na cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ke nan doguwar ta ba ka daƙiƙa biyu da 'yan kai, gajerar kuwa ba ta kai ɗaya da rabi ba, wanda kusan shi ne lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya gane abin da ke faruwa ya kai ƙafa kan birki. Mai gajerar tazara bai bar wa kansa komai ba.

Ka zaɓi mafi tsawo, ka bar shi a nan. Na san ƙorafin: in ka bar fili, 'yan Sharon da Golf da bas-bas na haya za su yi ta faɗowa gabanka. Haka ne, za su faɗo. Ka bar su. Motarka za ta ja baya ta sake buɗe fili, abin da ka rasa bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Akwai kuma wata fa'ida ta doguwar tazara da ta fi muhimmanci a wurinmu: tana ba ka damar hango kwalta. Wanda ya manne wa bayan babbar mota ba ya ganin rami sai ya faɗa.

Kana iya gwada tazarar da kanka. Idan motar gaba ta wuce wata bishiya ko turke, ka ƙirga a hankali har ka iso wurin. In ba ka kai uku ba kuma hanya ba ta yi maka daɗi ba, ka karɓi motar ka ƙara fili da ƙafarka.

Mataki na shida: ina ƙafa, ina ido

Ƙafar dama ta huta daga danna totur, amma ba ta tashi daga aiki ba. Ka ajiye diddige a ƙasa, tafin ƙafa a kusa da birki, yadda taki ɗaya zai isa. Kada ka naɗe ta a kan kujera, kada ka cire takalmi ka miƙe. Hannu biyu a sitiyari. Taɓa birki ko kaɗan yana sakin kuruz nan take, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri ta karɓar mota; kada ka tsaya neman madanni idan abu ya taso.

Ka san kuma cewa muddin ƙafarka na kan totur, kuruz ba zai taka birki ba. Ya ɗauka kai ke jan ragama. Masu ɗora ƙafa a kan totur don sabo su kiyaye wannan.

Ido kuwa ya wuce motar da ke gabanka, ya kai ga ta gabanta da abin da ke can nesa. Rada motar farko kawai take bi. Kai ne za ka hango jan wutar birki ta motoci uku a gaba, ko ƙura ta tashi, ko mutane sun taru a gefen titi, ko ganye a kan kwalta. Lokaci zuwa lokaci ka saci kallon allo: in hoton mota ya fito a gaban layukan, ta kama wadda kake bi; in babu hoton alhali kana ganin mota a gabanka, ba ta gan ta ba, kuma ba za ta rage gudu dominta ba. Waya kuwa a bar ta. A gudun kilomita 100, duba saƙo na daƙiƙa uku tafiyar mita 83 ce ido rufe.

Mataki na bakwai: wuraren da za ka riga shi

Mafi hatsari shi ne idan motar da kake bi ta kauce farat ɗaya. Ya taɓa faruwa da ni da yamma a hanyar Zariya. Ina bin wata bas da kuruz, sai ta goce hagu ba sigina. Abin da ta kauce wa tirela ce a tsaye, ba fitila ba alama. Motata, da ta ga bas ta bar gabanta, sai ta ɗauka hanya ta buɗe, na ji ta fara ƙara wuta. Allah Ya sa ƙafata na kusa kuma tazarar doguwa ce. Tun ranar na riƙe ƙa'ida ɗaya: duk motar da nake bi ta kauce, birki nake fara taɓawa kafin in san dalili.

Sai kwana. Rada gaba take kallo, hanya kuwa ta lanƙwasa. Motar da kake bi tana iya fita daga idonta, taka ta ƙara gudu a tsakiyar kwana, daidai inda ya kamata a rage. Tana kuma iya kama babbar motar da ke layin gefe ta taka birki ba dalili. Haka kan tudu: motar gaba ta haye ta ɓace, taka ta zabura, ba ka san abin da ke bayan tudun ba. A doguwar gangara mai tsanani, irin ta hawan Filato, ka saki kuruz ka sauko da giya, kada birki ya yi zafi.

Wanda ya yanko gabanka kurkusa, rada ba ta kama shi sai ya shigo layin sosai. Kai kana ganin hancin motarsa tun yana leƙowa, don haka kai za ka fara. Babur da keke, musamman idan suna gefen layi, ba kullum take ganinsu ba. Haka motar da ta ɗauko rodi ko katako ya zarce bayanta, da tirela marar kaya mai shimfiɗaɗɗen baya. Na'urar na iya auna jikin motar ta manta da abin da ya fito.

Idan za ka wuce mota, ka duba madubi, ka sa sigina, ka fita, ka ƙara wuta da ƙafarka. In ka gama ka koma layinka ka ɗaga ƙafa, motar za ta dawo gudun da ka saita. Kada ka jira kuruz ya yi maka wucewa, jinkirinsa na iya barin ka a gefen tirela fiye da kima. In kuma za ka bar babbar hanya ka shiga wata, ko ka doso shataletale, ka sake shi tun kafin ka karya sitiyari.

A kula da na baya ma. Idan kuruz ya taka birki, fitilun birki suna kamawa, amma wani lokacin yakan taka ba gaira ba dalili, saboda gada ko allon ƙarfe. In tanka ta manne maka a baya, ka kashe shi har ka rabu da ita.

Mataki na takwas: komawa da RES, da zaman cunkoso

RES yana tuna lambar ƙarshe da ka saita. Ka ce ka saita 100, ka rage saboda shinge, ka wuce a hankali cikin mutane, sai ka danna RES. Motar za ta ja da ƙarfi neman 100. Kafin ka danna, ka dubi lambar da ke allo, ka dubi hanya. Idan wurin bai dace da lambar ba, ka hau gudun da ya dace da ƙafarka ka danna SET sabo.

Masu irin wanda ke tsayawa cak, za su ji daɗinsa a cunkoson babbar hanya. Motar gaba ta tsaya, taka ta tsaya. In an ɗan jima a tsaye, yawancinsu ba sa tashi sai ka danna RES ko ka taɓa totur. Kafin ka yi, ka duba tsakaninka da motar gaba, domin a nan masu talla da almajirai da babura suke ratsawa. Kuma riƙon da ya yi wa mota ba ajiye mota ba ne. In za ka buɗe ƙofa ko ka cire bel, ka sa giya a P.

Hazo, ruwa, dare da gyangyaɗi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke sauka, kyamara na shan wahala kamar yadda idonka ke sha, ƙura kuma na taruwa a gilashi da tambari. Ka goge su da tsumma mai laushi kafin tafiya, da duk inda ka tsaya shan mai. Idan hazo ya yi kauri har ba ka hango nesa, ka kashe kuruz. Ko da rada na iya kama motar gaba, ba dalili ba ne na gudu a inda idonka bai kai ba. Rana ma tana makantar da kyamara: mai tafiya gabas da sassafe, kamar daga Kano zuwa Maiduguri, ko yamma gab da magariba, ya sa ran na'urar za ta iya sakin aiki.

Da damina hukuncin a taƙaice yake. Ruwa mai ƙarfi ko kwalta mai kwance da ruwa, babu kuruz. Taya na iya hawa kan ruwa ta rabu da ƙasa, kuma a wannan lokacin ƙafarka ce ya kamata ta san abin da ake ciki. Ruwan farko ya fi santsi, don yana taso da mai da ƙurar da suka kwanta tun rani.

Da dare ni ba na kunna shi a hanyoyinmu, kuma ba na ba kowa shawarar ya kunna. Motocin da ba su da fitilar baya da waɗanda suka mutu a kan titi sun yi yawa.

Gyangyaɗi kuwa shi ne abin da na fi jin tsoro. Mota shiru, sanyin na'ura na kaɗawa, ƙafa ba ta aiki, ga an ci abinci an ƙoshi ko ana azumi da tsakar rana. Wanda barci ya ɗauke da ƙafarsa a totur, sau da yawa ƙafar takan saki mota ta rage gudu. Mai kuruz kuwa motarsa za ta riƙe 100 har inda ta ƙare. Da ka ji hamma ta fara yawa, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, ka kashe shi, ka nemi wuri mai aminci ka tsaya, ka wanke fuska, ka ɗan rintsa. Ko ba ka ji komai ba, ka huta duk bayan awa biyu.

Idan an isa

Da ka shigo gari, kada ka tsaya a CANCEL, ka kashe babban madannin gaba ɗaya, don kada gwiwa ko yatsa su taɓa RES a cikin kasuwa. In akwai wani mai tuƙa motar, direba ne, ko uwargida, ko ɗanka, ka zaunar da shi ka nuna masa madannan nan biyar, da bambancin alamomin biyu na allo, da batun mil da kilomita. Sannan ku fita tare da hantsi zuwa miƙaƙƙiyar hanya, ya kama ya saki sau goma kana gefensa, har sai ka ga ƙafarsa na zuwa birki da kanta duk lokacin da motar gaba ta kauce.